Darasi na 12: Gudu da Ɗaga Nauyi a Fita Ɗaya

A wannan darasi za mu duba wata tambaya da samari ke yawan gardama a kanta: shin mutum zai iya yin gudu ya kuma ɗaga nauyi a fita ɗaya ba tare da ɗayan ya ɓata ɗayan ba? Za mu ga abin da kowanne ke yi wa jiki, da wanda ya kamata a fara da shi, da yadda za a tsara abin ya dace da zafin ƙasarmu da abincinmu da aikin gonarmu.

Abin da muka saba gani

Duk wanda ya taɓa shiga fadamar Rima da rani, tun daga ƙasan madatsar ruwan Goronyo har zuwa Lugu da Wurno, ya san mutanen nan ba a koya musu ɗaukar kaya. Mutum zai saɓa injin ban-ruwa a kafaɗa tun da asuba, ya taka da shi har bakin rijiya, ya wuni sunkuye a kan fangalin albasa ko tafarnuwa, da yamma kuma ya kama buhu a ɗora wa jaki ko a jefa a mota. Tun da aka buɗe madatsar a 1992 aikin rani ya ƙaru, kuma yawancinsa da ƙarfin damtse ake yin sa.

A cikin gari kuwa akwai wasu samari iri biyu. Akwai masu ɗaga ƙarfe, waɗanda ke cika gwangwanayen fenti da siminti su soka musu ƙarfen famfo, su taru a kango ko bayan shago suna ɗagawa. Akwai kuma 'yan ƙwallo masu zagaya filin makaranta da sassafe. Masu ƙarfe sukan ce gudu na zubar da ƙwanji, duk abin da ka tara a wata sai ya tsiyaye a mako. 'Yan ƙwallo su ce ƙarfe na sa jiki nauyi, ya daskarar da ƙafa. In an kai ƙara gaban wani dattijo, sai ya raba gardama da cewa ai ba a haɗa gudu da susar baya.

Amma 'yan dambe da 'yan kokawa ba su taɓa yarda da wannan rabon ba. Ƙasar Gandi ta Rabah ce ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin da ya yi wa Shago da sauran mazajen dambe waƙa, don haka ba sai an yi wa mutanen yankin nan dogon bayani ba. Ɗan damben da ke da ƙarfi ba numfashi, turmin farko kawai yake da shi. A na biyu hannunsa zai sauka, ya buɗe fuska. Wanda kuma ke da numfashi ba ƙarfi, zai yi ta zagaya fili har a raba, bai kashe kowa ba. Haka ɗan kokawa. Dole a haɗa biyun, sai dai a san yadda za a haɗa.

Me kowanne ke yi wa jiki?

Gudu aikin zuciya ne da huhu da hanyoyin jini. Idan mutum ya lizimci sassarfa na wasu makonni, zuciyarsa takan ƙara ƙarfi ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar bugawa da sauri kamar da. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune, kuma masu gudu sukan sami nasu ya sauko ƙasa-ƙasa. Shi ya sa wanda ya saba ba ya haki a inda wani ke neman faɗuwa.

Ɗaga nauyi kuwa aikin tsoka ne da ƙashi da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi. A makonnin farko mutum zai ga ƙarfinsa na ƙaruwa alhali damtsensa bai sauya ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ce ke fara koyon yadda za ta tayar da tsokar gaba ɗaya ta yi aiki tare. Kaurin yana zuwa daga baya. Kuma a lura da wannan da kyau: ba a lokacin ɗagawa tsoka ke girma ba. Ɗagawa gajiyar da ita take yi, a lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara ta, ya mayar da ita fiye da yadda take. Tsoka ce kuma ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, abin da ya sa likitoci ke ba masu ciwon suga shawarar su riƙa motsa ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ba ta ce a zaɓi ɗaya ba. Ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, sannan ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Manomin fadama yakan cika wannan ba tare da ya sani ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne tela, da mai shago, da ɗan kabu-kabu, da ma'aikacin sakatariya, waɗanda ke wuni a zaune.

Inda maganar masu ƙarfe ta samo asali

Tsoron da masu ƙarfe ke ji ba na banza ba ne, yana da tushe. A 1980 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Hickson ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi na mako goma. Ya kasa mutane kashi uku. Kashin farko suna ɗaga nauyi da ƙafafu kwana biyar a mako. Na biyu suna gudu da tuƙa keke kwana shida a mako. Na uku suna yin duka biyun, ba a rage musu komai ba. Har zuwa wajen mako na bakwai, ƙarfin masu haɗawa yana hawa kafaɗa da kafaɗa da na masu ɗaga nauyi zalla. Daga nan sai ya tsaya, a makonni biyu na ƙarshe ma ya fara raguwa, alhali na kashin farko bai daina hawa ba. Numfashin masu haɗawa kuwa bai sami tawaya ba, ya inganta kamar na masu gudu.

To, a dubi yawan aikin da aka ɗora wa mutanen nan: atisaye mai tsanani sau goma sha ɗaya a mako, har mako goma. Ko jaki aka yi wa haka zai rame. Binciken da aka yi ta yi daga baya, aka kuma tattara shi wuri guda, ya nuna cewa ga mai yin abin daidai wa daida, haɗa biyun ba ya hana ƙarfi ƙaruwa, ba ya kuma hana tsoka kauri. Abin da kan ɗan ragu shi ne ƙarfin zabura, wato irin wanda ake tsalle da shi ko a kai naushi farat ɗaya, musamman idan an yi gudu mai tsawo da ɗaga nauyi a jere ba hutu. Saboda haka ɗan dambe da ɗan kokawa suna da dalilin yin hattara idan wasa ya matso. Mu sauran mutane, masu neman lafiya da ƙarfin aiki, ba mu da abin tsoro.

Wanne za a fara?

Ka'idar guda ɗaya ce: ka fara da wanda ka fi buƙata, tun jiki na da sauran kuzari. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka wanda yake ƙonawa idan aiki ya yi tsanani. Duk abin da ka fara yi shi zai ci rabo mai tsoka daga wannan ajiya, na biyu ya samu ragowa.

Saurayin da ke shirin zuwa tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, inda za a sa shi gudu da agogo, ya fara da gudu, ya bar ƙarfe ya biyo baya. Ɗan kokawa da mai son ƙarfin ƙafa da baya su fara da nauyi. Wanda lafiya kawai yake nema, ko ta ina ya fara ya yi daidai, amma ni shawarata ya fara da nauyi. Dalilina ba na ƙwanji ba ne, na baya ne. Mutumin da ya gama gudu ƙafafunsa na rawa, in ya sunkuya zai ɗaga abu mai nauyi, bayansa ne zai lanƙwashe ya karɓi aikin da cinya ta kasa. A nan ake samun ciwon bayan da ke kwantar da magidanci mako biyu ana tsakiyar dashen shinkafa. Sassarfa da gajiyayyun ƙafafu ba ta da wannan haɗarin, iyaka dai a rage sauri.

Idan kuwa mutum yana son ya matsa wa kansa a duka biyun, to ya raba su: ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya da la'asar sakaliya, ko kuma yau wannan gobe wancan.

Akwai hanya ta uku, wato a riƙa cakuɗa su, a ɗan yi gudu a ɗan ɗauki kaya a sake gudu. Turawa har gasa suka mayar da wannan. A 2017 aka fara wata mai suna Hyrox a birnin Hambug na Jamus, inda ake gudun kilomita ɗaya sau takwas, bayan kowane kilomita a yi wani aikin ƙarfi. Ɗaya daga cikin ayyukan shi ne mutum ya riƙe nauyi a hannu biyu ya yi tafiyar mita 200 da shi, kuma sunan da suka ba shi ma'anarsa ɗaukar manomi. Wani kuma buhun yashi ake saɓawa. Kuɗi suke biya a bar su su yi abin da yaron fadamar Rima ke yi kafin ya karya kumallo. Wannan hanya tana gina juriya ƙwarai, amma da nauyi matsakaici ake yin ta, kuma ba ta sabon shiga ba ce.

Yadda fita ɗaya za ta kasance

Ba sai an sayi komai ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita 5 kilo 5 ne, jarka mai lita 25 kuma kilo 25. Wannan ya fi gwangwanin siminti, domin ka san abin da kake ɗagawa, kuma kana iya ƙarawa ko ragewa da moɗa. In an zuba yashi a maimakon ruwa, nauyin kan kai kusan ninki ɗaya da rabi. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, kuma ba da shi ake farawa ba, komai ƙarfin da mutum ke ji.

A fara da ɗumama jiki na minti biyar zuwa takwas: tafiya da sauri, juya kafaɗu da ƙugu, tsugunawa da miƙewa ba kaya. Sai a shiga aikin nauyi. Motsi huɗu sun isa. Na farko, ka rungume jarka a ƙirji ka tsuguna ka miƙe, diddige na ƙasa. Na biyu, ka ajiye ta tsakanin ƙafafunka, ka tura ƙugu baya, ka ɗago ta da ƙarfin cinya, bayanka a miƙe kamar tabarya. Na uku, ka kifa ka dogara da tafin hannu da yatsun ƙafa, ka riƙa sauka kana tura ƙasa kana ɗagowa. Wanda bai iya ba ya dafa bango ko dakali. Na huɗu, ka dafa benci da hannu ɗaya, ka riƙa jawo galan zuwa haƙarƙari da ɗayan. Kowane motsi a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a maimaita sau biyu ko uku.

Ta yaya za ka san nauyin ya yi maka daidai? In ka kasa kai takwas ba tare da ka murguɗa jiki ba, ya yi yawa. In ka wuce goma sha biyar kana hira, ya yi kaɗan. Kada ka riƙe numfashi. Ka fitar da iska lokacin ɗagawa, ka shaƙa lokacin saukewa. Riƙe numfashi da yunƙuri yana sa jini ya hau farat ɗaya.

Bayan nan sai gudu na minti 15 zuwa 20, a saurin da za ka iya amsa gaisuwa ba tare da maganarka ta yanke ba. Wanda ya daɗe bai yi gudu ba ya yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ya yi ta juyawa har lokacin ya cika. A rufe da tafiya a hankali har numfashi ya daidaita. Duka-duka abin bai kai sa'a ɗaya ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, a bar kwana ɗaya a tsakani. In za a ƙara, a ƙara abu ɗaya: makon da aka ƙara ruwa a jarka, kada a ƙara tsawon gudu.

Da damina kuwa, ranar da ka wuni kana huɗa ko noma, ka riga ka ɗaga nauyinka na ranar. Kada ka dawo gida ka ce sai ka cika lissafi.

Zafi, hunturu da azumi

Littattafan motsa jiki da yawa a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Mu a nan, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma haɗa gudu da nauyi yana tara zafi a jiki fiye da yin ɗaya. Lokaci biyu ne kawai ke da aminci a bazara: bayan asuba kafin rana ta ɗago, da kuma gab da magariba. A sha ruwa kafin a fita, a tafi da wani. Fitsari ma'auni ne mai kyau: in ya yi ja ya yi kaɗan, jiki na bin ka bashin ruwa. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ya tsaya nan take ya nemi inuwa. In aka ga abokin atisaye ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Da hunturu jiki kan daɗe bai saki ba, sai a tsawaita ɗumamawa. Ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya bar gudu, ya yi aikin nauyi a cikin ɗaki. Da azumi a rage komai zuwa rabi, a yi shi bayan buɗa-baki ko bayan sallar asham. Ba watan neman ƙari ba ne, a dai riƙe abin da aka samu.

Sai maganar da dukanmu muka sani. Halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki bai bar mu da sakewar bin hanyar daji da duku-duku ba. A yi gudu a filin makaranta ko cikin unguwa, a fita mutum biyu ko uku, a kuma bari gari ya waye.

Abinci

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai haɗa gudu da nauyi yana ƙona abinci ta fuska biyu, kuma mafi yawan waɗanda ke kukan gudu ya zubar musu da ƙwanji, cin su ne bai kai aikinsu ba. Gero da dawa da shinkafa su ne makamashi. Masu gyara tsoka kuwa su ne wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, nama, da kifin da ake kamawa a Rima. Fura da nono bayan atisaye ta haɗa duka biyun har da ruwa, kuma ba ta kai kuɗin garin gwangwanin da ake tallatawa a waya ba. Barci ma abinci ne a wannan fanni: baligi na buƙatar sa'a bakwai ko fiye.

Abin da za a guje wa shi ne ƙwaya. Wasu na shan tiramol don kada su ji gajiya. Gajiya da zafin ciwo su ne masu gaya maka ka tsaya. In ka toshe musu baki, sai jijiya ta tsinke ba ka sani ba, ga jaraba, ga haɗarin farfaɗiya. Wasu kuma na shan magungunan ƙiba irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu ruwa da kitse suke tarawa, su kumbura fuska, su hau da jini da suga, tsokar kuwa su raunana ta.

Mata da dattawa

Darasin nan ba na samari kaɗai ba ne. Macen da ke daka da ɗiban ruwa tana da rabonta na aikin nauyi. Abin da kan yi mata ƙaranci shi ne na numfashi. Tsallen igiya ko tafiya da sauri a tsakar gida na minti goma sha biyar, bayan motsi biyu ko uku da galan, ya tsaya a madadin gudu. Ɗaga galan ba zai mayar da jikin mace na namiji ba, domin sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikinta. Mai juna biyu da mai jego su tambayi ma'aikaciyar awo kafin su fara.

Dattijo kuma kada ya ce girma ya hana. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya yi suna a wasan fayif tun yana Kwalejin Katsina, kuma bai bar shi ba bayan ya zama Firimiya. Tsoka na raguwa da shekaru in ba a aiki da ita, kuma raguwarta ce ke sa tashi daga tabarma ko daga sujada ya zama aiki. Ga wanda ya haura 65, tashi da zama a kujera sau goma, da tafiya mai ɗan sauri, da tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, sun wadatar a farko.

Duk wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, gwaiwa ko ƙaba, ya fara zuwa asibiti a auna shi. Ciwon ƙirji, ko numfashin da ke sarƙewa fiye da kima, ko bugun zuciya da ke tsalle-tsalle, ba abin daurewa ba ne. A daina, a ga likita a ranar.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙarfin mutum ke ƙaruwa a makonnin farko tun tsokarsa ba ta yi kauri ba?
2. Me ya faru da kashi na uku a gwajin Hickson, kuma me ya sa bai kamata abin ya tsorata mai atisaye sau uku a mako ba?
3. Saurayi biyu sun zo neman shawara, ɗaya zai je tantancewar soja, ɗaya zai shiga kokawa bayan kaka. Me za ka ce kowanne ya fara da shi?
4. Jarka mai lita 25 an cika ta rabi da ruwa. Kilo nawa ke ciki?

Aikin gida

Gobe da safe, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na minti ɗaya cif. Ka rubuta adadin a littafinka tare da kwanan wata. Wanda bai gane wurin ba ya tsaya bayan an tashi malam ya nuna masa. Ku zo da littafin mako mai zuwa, za mu sake aunawa bayan mako shida mu kwatanta.